Wai ina ake so mu kai yaranmu a garin Jos?

Duk motar da ke ɗauke da lambar Filato an rubuta mata cewa jihar nan gida ce ta zaman lafiya da yawon buɗe ido. To ni dai ina so wanda ya san amsa ya faɗa min, buɗe idon na su wa? Don wallahi in kina da yara ƙanana a cikin garin Jos, 'yan shekara uku, biyar, bakwai, kuma ke ba matar mai hali ba ce, hutun makaranta ba hutu ba ne a wajenki, jarabawa ce. Tun safe kina "kai sauko daga nan", "ke ajiye wannan", "kada ku fita waje", har muryarki ta dushe, kuma ba laifin yaran ba ne, yaro dole ya yi guje-guje ya yi tsalle ya taɓa ƙasa, haka Allah ya halicce shi.

Duk wanda ya san Anguwan Rogo ko Gangare ko Rikkos ko Ali Kazaure ya san yadda gidajenmu suke. Gidan haya ne, tsakar gidan igiyar shanya ta cinye rabi, rijiya da murhu sun cinye sauran, in yaro ya leƙa ƙofar gida kwata ce a buɗe ga 'yan keke suna shigowa lungu da gudu. Filayen da muka taso muna langa da 'yar carafke da gaɗa a cikinsu, wani an yanka fuloti an sayar, wani an jera shaguna, wani ya zama bola. Sai ka tara yara a ɗaki ɗaya kamar kaji a akurki ka miƙa musu waya su yi ta kallon katun, in caji ya ƙare a hau kuka, in datar ta ƙare a hau faɗa. Sannan a zo ana mana wa'azi wai iyayen zamani sun bar waya tana musu tarbiyya. To a nuna mana inda za mu kai su mana!

Sai ki ce bari ki daure ki tara 'yan kuɗi ki kai su wajen wasa na biya ko sau ɗaya ne a hutun nan. Tun daga kuɗin keke za a fara karya miki gwiwa. Kafin a cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 ba, daga baya sai da ta haura dubu, kuma duk abin da mai ya yi a kan fasinja yake ƙarewa. Ke da yara uku da ƙanwarki da za ta taya ki riƙo kun cika keke, sai dai shata, zuwa da dawowa, tun ba ku ga lilo ko ɗaya ba kuɗin cefanen kwana biyu ya tafi.

Akwai wani wajen wasa da na kai nawa, ba zan kira suna ba don ba shi kaɗai ba ne, kusan duk halinsu ɗaya. A geti ki biya kuɗin shiga, har na goye sai da aka so a karɓa masa, jaririn da ko zama bai iya ba. Kin shiga kina zaton shikenan, ashe kuɗin getin na taka ƙasar wajen ne kawai. Lilo tikitinsa daban, jirgin ƙasan yara daban, gidan nan na roba da ake hura wa iska yara su yi tsalle shi ma daban, kuma kowanne minti kaɗan ne, yaro bai gama ɗaura murmushi ba an ce sauko. Na dafa musu taliya da ƙwai na zuba a kula, na ɗauko ruwa da zobo, mai gadi ya buɗe jakata ya ce ba a shiga da abinci. Na ce Malam yara ne fa ƙanana, ɗayan ma ba ya cin abincin waje cikinsa ke ɓaci. Ya ce Hajiya doka ce, akwai abinci a ciki. Abincin cikin kuwa ruwan roba da kike saya a shagon unguwa an ninka masa kuɗi, ayis kirim ya narke ya sake daskarewa, ga ƙudaje.

Kuma da ma a ce abin da aka biya ana samu ne da sauƙi. Babu wuta, janareta kuma wai ba za a tayar ba sai mutane sun taru, muna tsaye yara suna ta jan hijabina "Mama yaushe za mu hau". Lilon da ba ya buƙatar wuta sarƙarsa ta yi tsatsa, an ɗaure gefe ɗaya da waya, abin sulun ƙarfensa ya tsage a ƙasa daidai inda ƙafar yaro za ta sauka, kuma ƙarƙashinsa ba yashi ba ciyawa, siminti ne tsagwaronsa. Ba a ware wajen ƙanana da na manya ba, samari 'yan shekara sha huɗu sha biyar suna faɗowa cikin gidan roban nan a kan 'yan shekara uku, ma'aikacin da ya kamata ya tsawatar yana gefe yana danna waya. Ga sifika an ƙure ta da waƙoƙin da ni babba kunyar jin su nake yi a gaban 'ya'yana.

Banɗaki kuwa ba na ma son tunawa. Wajen da aka gina don yara, yaran da in suka ce fitsari to yanzu-yanzu ne, amma banɗakin babu ruwa, ƙofa babu sakata, ƙasa jage-jage. Babu ko benci da uwa za ta kwantar da jariri ta canza masa famfas, babu wani ɗan lungu da za ta zauna ta shayar, la'asar ta yi babu inda za ki yi alwala balle ki shimfiɗa ɗankwali ki yi salla. Da na je na yi magana, yarinyar da ke kan tikiti ta ce "Anti wallahi mu ma haka muka samu wajen, oga ba ya nan." Ban ga laifinta ba, albashinta nawa ne. Amma ogan da ba ya nan ai kuɗinmu suna isa inda yake. Wane ne aikinsa ya zagaya ya duba waɗannan ƙarafan kafin a ɗora 'ya'yan mutane a kai? Sai ranar da sarƙa ta tsinke da ɗan wani sannan za a kafa kwamiti?

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne Jos ba garin da za a ce babu ba ne, ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Gidan tarihinmu tun 1952 aka buɗe shi, wani Bature mai suna Bernard Fagg ya kafa shi, yana cikin mafiya tsufa a ƙasar nan, a ciki akwai kawunan yumɓu na tsohuwar al'ummar Nok da suka haura shekara dubu biyu, waɗanda aikin haƙar kuza ya tono, akwai zauren tukwane daga sassan Najeriya, akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. A gefensa ga gidan zu, ga wajen gine-ginen gargajiya da aka kwaikwayi ganuwar Kano da tsohon masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa zalla. Gandun namun daji tun 1972 zamanin Gwamna Gomwalk. Ga duwatsun Shere, ga dutsen Riyom, ga ruwan Assop a hanyar Hawan Kibo. Mutane daga Legas da Abuja suke tasowa su zo su ɗauki hoto, amma ki tambayi yaran layinku su nawa suka taɓa ganin ko ɗaya.

Kuma ɗan shekara huɗu ba kallo yake so ba, hannunsa yake so ya sa. Ki tsayar da shi gaban tukunya a bayan gilashi ki ce masa ta shekara dubu, minti biyu ya gaji. Amma ki ba shi curin yumɓu ki ce gina taka, sai ki yi da gaske kafin ki ɗaga shi daga wajen. Garin da ya tara magina tukwane da maƙera da dukawa da masaƙa, me zai hana duk Asabar a shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin bishiya, a kawo tsohuwa ɗaya mai ginin tukunya a biya ta, yara su ɓata hannu su koma gida da ɗan kaskon da suka yi da kansu? Yumɓu nawa yake? Kara nawa yake, da yayyenmu maza suke ƙera mota da shi har da tayoyi? Jihar da ke ciyar da ƙasa da dankalin Turawa da kabeji da karas da tumatir, ga gonaki nan zagaye da mu ta Lamingo da Vom, amma yaro ya tashi a Jos bai taɓa tuge karas daga ƙasa ba, a tiren mai talla kawai ya san shi. Irin waɗannan abubuwan in kin ji ana yi to makarantun kuɗi ne suka shirya wa ɗalibansu, ko wani shirin hutu da kuɗin rajistarsa ya kai kuɗin makarantar zango guda. 'Ya'yan talaka su hannunsu ba ya son koyo ne?

To da yake ba mu ba su waje ba, sun nema wa kansu, kuma a nan ne hankalin kowace uwa yake tashi. Turawa sun haƙi kuza sun tafi sun bar mana ramuka birjik daga Jos har Bukuru har Barikin Ladi, sun cika da ruwa, daga sama lumui a ƙasa zurfi da laka. Ga kogin Dilimi da ya ratsa ta bayan gidajenmu, wanda duk mai hankali ya tuna abin da ambaliyarsa ta yi a Rikkos a 2012. Can yara maza suke sulalewa wanka in an yi hutu, babba ya ja ƙarami, kuma ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba mun ji an tsamo ɗan mutane. Sai a taru a yi jana'iza a ce ƙaddara. Na yarda da ƙaddara, amma ramin da aka bari ba shinge ba allon gargaɗi, da unguwar da ba ta da filin wasa ko ɗaya, wannan sakacin mutane ne kuma za a tambaye su.

Ranar Salla kuma da kowa ke ɗokin fita, ita ce ranar da na fi tsoro. Duk garin wuri biyu ko uku za a dunguma, cunkoso a geti har ana taka yara, kuɗin shiga ya tashi, kuɗin keke ya tashi, ana ta cigiyar yaran da suka ɓata, ga masu fizgen waya ga 'yan sara-suka da ke fakon irin wannan taron. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, tun rikicin 2001 da na 2008 da na 2010 garin nan ya rabu, unguwannin Musulmi daban na Kirista daban, kafin ki ɗauki yara ki nufi wani waje sai kin yi lissafin ta wace unguwa za ku bi, ƙarfe nawa za ku dawo, yau gari lafiya ko akwai ƙishin-ƙishin. Haka ita ma uwar da ke Tudun Wada ko Anguwan Rukuba take lissafi kafin ta shigo ɓangarenmu. Iyayenmu suna ba mu labarin yadda suka yi wasa tare da Birom da Ibo da Yarbawa a fili ɗaya, mu namu 'ya'yan ba su san kowa ba sai 'yan layinsu. Ana ta taron zaman lafiya a otal-otal, amma filin da ɗana zai buga ƙwallo da ɗan Mama Ladi babu wanda ya yi tunaninsa.

Maza ku ma ina da magana da ku. In mace ta ce a fita da yara sai ka ji "mu da muka taso wa ya kai mu wajen wasa?" Haba Alhaji, kai da ka taso ai duk bayan gari naka ne, ga fili ga bishiyar mangwaro ga dandali da daddare, ba ka buƙatar a kai ka ko'ina. Ɗanka fa? Ka fita tun safe sai dare, ka dawo ka tarar an fasa maka rimot ka hau faɗa. Masu kuɗin unguwa kuma kowa filaza, kowa gidan mai, kowa zauren biki, babu mai cewa ga fuloti ɗaya na bar wa yara sadaka, alhali ita ma sadaka ce mai gudana.

Ni ban ce a gina mana irin na Dubai ba. Makarantar firamaren gwamnati da ke kusa da mu tana da fili, tun ranar da aka ba da hutu aka garƙame geti da kwaɗo, awaki ne kawai ke samun hanyar shiga. A buɗe shi daga la'asar zuwa magariba, a zuba tifa ɗaya ta yashi, a kafa lilo huɗu masu ƙwari, a gyara famfo da banɗaki, mu iyaye mata mun yarda za mu riƙa karɓa-karɓa muna zama muna sa ido, har kuɗin mai gadi za mu haɗa. Kansilan da ya bi mu gida-gida lokacin zaɓe yana "iyayena mata ku taimaka" ya san ƙofar makarantar nan sarai, a cikinta muka yi layi muka jefa masa ƙuri'a. Ya zo ya karɓo mana makullin.