Ku Daina Cewa Sa'a Ce Ta Ba Giants Kofin Kakar 2007

Jiya da daddare wani matashi ya sake ɗora guntun bidiyon nan na David Tyree, ɗan wasan Giants, yana danne ƙwallo a jikin hular kwanonsa a wasan ƙarshe na NFL, gasar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, wanda Giants ta doke New England Patriots da 17 da 14, ya rubuta a ƙasa cewa sa'a ta fi sammako, wai da ba don wannan kamun ba da yanzu babu mai tunawa da New York Giants ta kakar 2007. Jama'a suka yi ta danna masa alamar so, wasu har suna ƙara gishiri da cewa Patriots ce gwarzuwar shekarar, tsautsayi ne kawai ya faɗa mata. Na karanta na ajiye wayar, amma abin ya kwana yana cina, domin wannan magana zalunci ce ga mutanen da suka yi aikin, kuma na gaji da jin ta daga bakin waɗanda duk abin da suka gani na wasan bai wuce daƙiƙa ashirin ba.

Ƙanena, masu tsaron baya na Giants ne suka ci wannan kofi. Ƙungiyar New England Patriots ta tara maki 589 a wasanni 16 na kakar, adadin da babu wadda ta taɓa kaiwa kafin ita, wato kusan maki 37 ke nan a kowane wasa. Tom Brady, mai jefa musu ƙwallo, ya jefa ƙwallon tacdawun, wato wadda aka kai ta gidan abokan karawa, sau 50, Randy Moss shi kaɗai ya kama 23, kuma dukansu biyu sun kafa sabon tarihi. A duk tsawon kakar babu wanda ya tsayar da su ƙasa da maki 20. Sai ga shi a ranar 3 ga Fabrairu, 2008, a garin Glendale na jihar Arizona, wannan ƙungiya ta tashi da maki 14. Ina so wanda ya yi rubutun ya gaya mini yadda kamun ƙwallo guda ɗaya a minti na ƙarshe ya hana Brady da Moss da Wes Welker cin maki a mintuna 58 da suka gabace shi. Da Patriots ta ci ko da kashi biyu cikin uku na abin da ta saba ci, da Tyree ya kama ƙwallon da haƙori ma babu abin da zai canja.

A daren nan ina unguwar Bronx, mu bakwai a falon wani abokina ɗan Kumasi, ga shayi ga tuwon da matarsa ta yi mana, ga sanyin Fabrairu yana shigowa ta ƙasan ƙofa. Akwai ɗaya daga cikinmu da ya zo sanye da rigar Brady mai lamba 12, ya kuma zauna a tsakiyar kujera kamar wanda ya zo karɓar gado. Abin da na fi tunawa shi ne yadda ya ajiye loma a hannu bai kai ta baki ba lokacin da aka kayar da Brady sau biyu a jere a zango na biyu, Kawika Mitchell na Giants ya fara, abokin wasansa Justin Tuck ya biyo baya. Kafin a tafi hutun rabin lokaci Tuck ya sake zuwa ya buge ƙwallon daga hannun Brady, Osi Umenyiora ya faɗa a kanta. A lokacin Patriots ce ke gaba da 7 da 3, amma duk wanda ke falon ya ga cewa Brady ba ya samun natsuwar da ya saba samu, kuma mai rigar da kansa ya yi shiru tun daga nan.

Sau 21 kawai aka kayar da Brady kafin ya saki ƙwallo a wasanni 16 na kakar, domin katangar da ke kare shi tana da zaratan 'yan wasa irin su Matt Light da Logan Mankins da Dan Koppen, waɗanda dukansu uku aka zaɓa cikin gwanayen shekarar. A dare ɗaya Giants ta kayar da shi sau 5, ban da bugun da ya riƙa sha bayan ya saki ƙwallon. Gudu da ƙwallo kuwa, yadi 45 kacal Patriots ta samu a duk wasan. Wannan ba abu ne da ya faɗo daga sama ba, domin Giants ce ta fi kowace ƙungiya a gasar NFL kayar da masu jifa a wannan kakar, har sau 53, inda Umenyiora ke da 13, Tuck ke da 10, dattijo Michael Strahan mai shekara 36 ke da 9. Dabarar da Steve Spagnuolo, mai horar da 'yan bayan, ya yi amfani da ita ita ce ya cusa Tuck ta tsakiya alhali shi ɗan gefe ne, sai ya zama mutum mai sauri yana fuskantar masu nauyi da ba su saba da irin gudunsa ba, ga Strahan da Umenyiora suna matsowa ta gefe biyu. Brady gwani ne wajen matsawa gaba idan an taho masa ta gefe, amma idan tsakiyar ta rufta babu inda zai taka. Mutum huɗu na gaba sun isa su dame shi a yawancin lokuta, saura bakwai kuwa suna baya suna tsare Moss. An zauna an tsara wannan, an yi atisaye a kansa, kuma ya yi aiki a gaban idon duniya.

Masu maganar sa'a ba sa son a tuna musu hanyar da Giants ta bi kafin ta iso Arizona. Ta buɗe kakar da shan kashi biyu, aka zura mata maki 80 tsakanin Dallas da Green Bay, jaridun New York suka fara neman kan koci Tom Coughlin. A mako na uku tana baya da 17 da 3 a hannun Washington, ta farfaɗo ta ci 24 da 17, 'yan bayanta suka tare ƙofar gida a daƙiƙun ƙarshe. Ta gama kakar da nasara 10 da rashin nasara 6, saboda haka duk wasanninta na sili-ɗaya-ƙwale a gidan mutane ta buga su. Ta je Tampa ta ci 24 da 14. Ta je Dallas, ƙungiyar da ta yi nasara 13 a kakar kuma ta riga ta doke ta sau biyu, ta ci 21 da 17, R.W. McQuarters ya cafke ƙwallon ƙarshe da Tony Romo na Dallas ya jefa. Daga nan ta je filin Lambeau na Green Bay a cikin sanyin da ya kai kusan digiri 18 ƙasa da sifiri, fuskar Coughlin ta yi jawur kamar an zuba mata barkono, Lawrence Tynes, mai bugu na Giants, ya ɓarar da bugu biyu a zango na huɗu, amma Corey Webster ya cafke jifar Brett Favre na Green Bay a ƙarin lokaci, Tynes ya buga daga yadi 47 ta shiga, aka tashi 23 da 20. Sa'a ba ta bin mutum Tampa da Dallas da Green Bay da Glendale a jere cikin wata ɗaya, kuma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan wasanni 'yan baya ne suka riƙe ƙungiyar.

Akwai ma wani wasa da nake ganin shi ne asalin komai, wato na ranar 29 ga Disamba, 2007. Giants ta riga ta samu gurbinta, babu abin da nasara ko rashinta zai ƙara mata, kuma mutane da yawa sun ba Coughlin shawarar ya hutar da manyan 'yan wasansa kada su ji rauni. Ya ƙi, ya fito da su duka, suka yi wa Patriots tsayin daka har aka tashi 38 da 35. Patriots ta cika nasara 16 ba tare da faɗuwa ba a daren, amma 'yan Giants sun fita daga filin da sanin cewa waɗannan mutane ana iya taɓa su. Shi ya sa da Plaxico Burress na Giants ya ce za su ci wasan ƙarshe 23 da 17, Brady ya yi dariya yana mamakin wai maki 17 kawai za su samu. Ashe 17 ɗin ma ba za su kai ba.

Na san abin da za a ce mini, domin an sha faɗa. Za a ce Asante Samuel, ɗan bayan Patriots, ya saki ƙwallon da ta zo hannunsa gab da kamun Tyree, da ya riƙe ta da wasa ya ƙare. Gaskiya ne ya saki, kuma riƙe ƙwallo aikinsa ne, wanda bai yi aikinsa ba kuwa ba a cewa abokin karawarsa ya yi sa'a. Idan kuma lissafin sa'a ake so a yi, to a yi shi gaba ɗaya. A watan Disamba na wannan kakar, 'yan bayan Baltimore sun tsayar da Brady a yunƙuri na huɗu, wato damar ƙarshe kafin ƙwallo ta koma hannun abokan karawa, a mintunan ƙarshe, wanda hakan zai kawo ƙarshen jerin nasarorin Patriots, sai aka ga ashe Rex Ryan, mai horar da 'yan bayan Baltimore, daga bakin fili ya nemi a tsayar da agogo kafin a fara, aka soke tsayarwar, Patriots ta tsira da 27 da 24. Ban taɓa jin mai cewa Giants ta yi sa'a ya ambaci wannan dare ba. Haka nan ba sa ambaton abin da Bill Belichick, kocin Patriots a lokacin, ya yi a zango na uku na wasan ƙarshe, lokacin da ƙungiyarsa ke kan yadi na 31 na Giants a yunƙuri na huɗu da sauran yadi 13, ya ƙi tura Stephen Gostkowski ya buga ta maki 3, ya zaɓi jifa, jifar kuma ta tafi a banza. Da tazarar maki 3 aka ci su. Wannan shawarar koci ce da ya yanke da hankalinsa, kuma matsin da 'yan bayan Giants suka sa shi a ciki ne ya kai shi ga yanke ta.

Ba na raina kamun Tyree, kuma Allah ya sani na yi ihu a falon nan har maƙwabta suka buga bango. Mutum ne da ƙwallo 4 kawai ya kama a duk kakar, shi ne kuma ya ci tacdawun na farko na Giants a daren, sannan ya yi tsalle Rodney Harrison na Patriots na rataye a jikinsa ya ƙi sakin ƙwallon, kuma wannan shi ne kamunsa na ƙarshe a gasar NFL. Eli Manning, mai jifa na Giants da ya jefa wa Tyree ƙwallon, shi ma ya cancanci yabo, shi da aka cafke masa jifa 20 a kakar amma sau ɗaya kawai aka cafke masa a wasanni huɗu na ƙarshe, ya kuma fizge kansa daga hannun Jarvis Green da Richard Seymour suna riƙe da rigarsa. Sai dai bayan Burress ya ci tacdawun da ya sa Giants a gaba da sauran daƙiƙa 35, ƙwallo ta koma hannun Brady da damar tsayar da agogo har uku, kuma mun san abin da Brady ke yi da irin wannan dama. Wanda ya kashe maganar shi ne Jay Alford, sabon shiga, da ya bi ta tsakiya ya maka Brady da ƙasa, sannan Webster ya taɓa doguwar jifar da aka yi wa Moss. Babu mai ɗora wannan bidiyon. Har yau ina ganin Justin Tuck ya kamata a ba kyautar gwarzon wasan, kuma ba shi da aka ƙi yi yana cikin abin da ya sa yara ke tasowa da tunanin cewa hular kwano ce ta ci kofi. Bayan shekara huɗu ƙungiyoyin nan sun sake haɗuwa a wasan ƙarshe, Giants ta sake cin su 21 da 17, Tuck ya sake kayar da Brady sau biyu, amma har gobe akwai mai cewa sa'a.

Tun da na ambaci Umenyiora, akwai abin da ke sosa mini rai game da shi. An haife shi a Landan, ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a Najeriya, bai san wannan wasa ba sai da ya koma jihar Alabama yana matashi, amma a watan Satumba na 2007 shi kaɗai ya kayar da Donovan McNabb na Philadelphia sau 6 a dare ɗaya. Bayan ya yi ritaya ya mai da hankali kan nemo matasa daga Afirka, kuma da hannunsa a sansanin da NFL ta fara yi a Accra a 2022. Duk wanda ya kalli yadda ɗan sahun gaba ke saka hannu a ƙirjin abokin karawa, ya karkatar da ƙugu, ya yar da shi gefe, zai ga cewa kokawa ce ake yi da hular kwano. Ina fata wata rana masu neman nan su wuce manyan biranen bakin teku su je Dogon Dutsi ko Argungu bayan kaka, su tsaya a bakin fili su kalli samarin da ke kokawa a kan rairayi.