Jinin ɓera ya ƙaru, to na mai juna biyu fa?

A tashar mota na ga mai maganin gargajiya ya ɗaga gora cike da jan ruwa, yana shela a lasifika cewa jiƙon karan dafi ne, an gwada shi a jami'a, yana ƙara jini. Wata mai juna biyu, leɓenta ya yi fari fat, ta kwance bakin zani ta saya. Ban ce mutumin ƙarya ya yi ba. An sha gwada karan dafi, da zogale, da zoɓo a ɗakunan gwaje-gwajen jami'o'inmu. Sai dai yawanci a jikin ɓera aka gwada, kuma a nan ake sallama da shi.

Ga yadda aikin yake. Ana raba fararen ɓeraye rukuni-rukuni, a yi musu allurar sinadarin fenilhaidrazin, wanda ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini cikin 'yan kwanaki. Daga nan a riƙa ɗura wa wasu tsimin ganyen, wasu kuma ruwa zalla, bayan mako biyu ko huɗu a ɗebi jini a auna. Aiki ne mai amfani, kuma ina girmama masu yinsa, don da yawa daga aljihunsu suke sayen abincin dabbobin.

Amma ɓeran nan lafiyayye ne, ɓargonsa kalau, abincinsa wadatacce. Ko ba a ba shi komai ba, jininsa zai dawo da kansa da zarar gubar ta fita. Matar tashar kuwa, me ya cinye nata jinin? Ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsutsar ciki, ko ƙarancin sinadarin ƙarfe a abinci, ko sikila. Kowanne da maganinsa, kuma babu wanda allurar nan ta kwaikwaya sosai. Ƙari a kan haka, ganyen da ke sa yawan fitsari yana iya rage ruwan jiki, jini ya yi kauri, awo ya nuna kamar ya ƙaru alhali ko ƙwaya ɗaya ba a samu ba.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda muke ɗokin sakamako mai daɗi kawai, alhali mummunan sakamako ma arziki ne. A shekarun 1950, Robert Noble da Charles Beer a Kanada suna gwada wani fure ɗan asalin Madagaska da ake cewa yana maganin ciwon suga. Suga bai sauka ba, sai fararen ƙwayoyin jinin ɓerayen suka zube. Ba su kau da kai ba, suka bi sawu, har suka fitar da binblastin, maganin da ake ba masu ciwon daji har yau. Da an bi ta shelar kasuwa, da masu ciwon suga ne za su yi ta shan abin da ba ya sauke musu suga.

Akwai kuma cutarwar da ɓera ba zai nuna ba. Maza da yawa a ƙasar nan ana haihuwarsu da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyi, wanda likitoci ke kira G6PD. Jariri mai wannan gadon, lallen da muke ɗauka ado ne kawai yana iya farfasa masa jini idan aka shafa masa, ya kamu da shawara mai tsanani.

Mun taɓa bin hanyar har ƙarshe. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta karɓi haɗin wani mai maganin gargajiya na masoro, kanumfari, ganyen dawa da wani itace, ta gwada a dabbobi, sannan ta gwada a masu sikila ƙarƙashin kulawar likitoci. Shi ne Niprisan, wanda ya shiga kasuwa a 2006 da sunan Nicosan, kafin kamfanin da ke sarrafa shi ya durƙushe. A ƙasar da ake haifar jarirai kusan 150,000 masu sikila duk shekara, wannan asara ce da har yanzu take min ciwo.

Don haka roƙona biyu ne. TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, da jami'o'i su ware kuɗi don ganyayen da suka tsallake matakin ɓera su kai ga gwaji a jikin mutane, maimakon a yi ta maimaita gwaji ɗaya don neman ƙarin girma. NAFDAC kuma ta fito gidajen rediyo da Hausa ta bayyana cewa lambar da take ba yawancin magungunan gargajiya shaida ce ta rashin guba a iya binciken da aka yi, ba ta warkarwa ba, kuma duk mai juna biyun da ta ga idonta ya yi fari ta fara zuwa awon jini kafin ta sayi gora.