Iskar da Ta Ɓuya a Cikin Gungun Taurari

Daren jiya a majalisarmu ta Garwa, hazo ya rufe sama har ba a ganin Kaza da 'ya'yanta, sai wani abokina ya ce ɓoyayyen abin nan mai nauyi amma ba a ganinsa, wato dark matter, da masana taurari ke cewa ya cika sararin samaniya ƙirƙira ce kawai, lissafi ne ya ƙwace musu suka raɗa wa rashin sani suna. Maganar ta kwana a raina, kuma ban yarda da ita ba.

A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka auna yadda gungun taurari masu naɗi irin na gammo suke juyawa, suka tarar taurarin da ke can baki-baki ba sa rage gudu, alhali nauyin da ake gani bai kai ya riƙe su a wannan gudun ba. Ke nan akwai nauyin da ba a ƙidaya ba.

Abin da abokina bai sani ba shi ne, masanan da kansu sun riga shi yin shakka. A 1994 Daniel Pfenniger da Françoise Combes suka ce wataƙila iskar haidurojin ce mai tsananin sanyi ta ɓuya, domin idan ƙwayoyinta suka haɗu biyu-biyu, sanyin kuma ya kai kusan digiri 260 ƙasa da sifili a ma'aunin Celsius, kusan ba ta fitar da wani haske. Sai ta ɗan ɗumama take nuna kanta, shi ma a hasken infared, wato hasken zafin nan da na'urar da ake nuna mana a goshi lokacin korona take karantawa. Wannan haske yana ratsa ƙurar sararin samaniya, abin da hasken da ido ke gani ba ya iyawa sosai. Da na'urar hangen nesa ta ISO da Turai ta harba sararin samaniya a 1995, wasu masana biyu na ƙasar Holan suka ga alamar iskar a faɗin wani gungun taurari mai suna NGC 891, suka bayyana a 1999 cewa mai yiwuwa yawanta ya cike giɓin da ke wurin.

Ni kaina na so a ce nan zancen ya ƙare, domin amsa ce mai sauƙin karɓa. Amma awon da na'urar hangen nesa ta Planck ta yi wa hasken farko na sararin samaniya ya nuna cewa duk abin da aka yi da ƙwayoyin zarra, taurari da ƙura da iskar gaba ɗaya, kusan kashi 5 cikin 100 ne na abin da ke cikin sararin samaniya, ɓoyayyen abin kuwa kusan kashi 27. Ko an tattaro iskar kaf, ba za ta biya wannan bashin ba.

Wuri ɗaya na ba abokina gaskiya: har yau ba a kama ƙwayar wannan abu a ɗakin gwaji ba, kuma yana da haƙƙin ya ci gaba da tambayar mene ne shi.