Jirgin yaƙi ba ya zama gidan tarihi da fenti kawai

Duk wanda ke zaune a Amurka ya ziyarci Intrepid, tsohon jirgin ruwan yaƙi da ya zama gidan tarihi a birnin New York, abin da ke ɗaukar idonsa shi ne jiragen saman da aka jera a bisa doronsa. Ni a ganina aikin da ya cancanci yabo yana ƙasa, inda ƙarfe ke haɗuwa da ruwa.

Wannan jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi ya fara aiki a 1943, ya sha harin matuƙan Japan masu ƙunar baƙin wake, ya yi yaƙin Vietnam, aka sallame shi a 1974, aka buɗe shi ga jama'a a kogin Hudson a 1982. Daga nan laka ta fara taruwa a ƙarƙashinsa. A Nuwamban 2006 aka zo janye shi zuwa gyara, jiragen ja suka yi iya yinsu ya ƙi gaba, domin farfelolinsa huɗu sun nutse a lakar shekara 24. Sai da aka yashe ƙarƙashinsa ya fita a Disamba. Aka kai shi garin Bayonne a jihar New Jersey, aka shigar da shi ramin gyara, aka janye ruwa, aka kankare gindinsa aka sake fenti. Bai koma mazauninsa ba sai Oktoban 2008.

Tsatsa ta fi cin ƙarfe daidai layin ruwa, inda yake jiƙa ya bushe kullum, ga gishiri ga iska. Fentin sama ba ya hana farantin ƙarfen jikin jirgin sirancewa a nan, sai an auna kaurinsa, an yanke ruɓaɓɓen an yi waldar sabo. Yorktown, wani jirgin irinsa da ke Karolina ta Kudu tun 1975, yana zaune cikin laka, shi ya sa gyaran gindinsa ya fi wuya nesa ba kusa ba.

Indiya ta gwada da nata jirgin, Vikrant, wanda ya yi yaƙin 1971 da Pakistan. Ya zama gidan tarihi a Mumbai, kuɗin kula da shi ya gagara, aka yanka shi a 2014. Wannan ya fi kama da halin da ganuwar Kano take ciki: kowa na alfahari da ita, amma yaɓen bayan damina ba shi da mai ɗaukar nauyi, kuma abin yana min ciwo. Intrepid yana da masu sayen tikiti da masu ba da gudummawa, ga hayar doronsa da ake bayarwa don taruka, kuma duk da haka sai da gwamnati ta sa kuɗi a gyaran 2006.