Fitila Ta Yi Kore, Kunne Bai Yarda Ba

Makaɗa da masu haɗa sauti a situdiyo, akwai wata ɗabi'a da ta yi yawa yanzu, kuma a ganina ɓarnarta ta fara fin gyaranta. Mutum zai maƙala na'urar saiti a kan jita, ko ya buɗe manhaja a waya, ya murɗa tsirkiya shida har kowace ta ba shi koriyar fitila, shi ke nan a wurinsa an gama. Da ya kama kiɗa sai ka ji wani abu yana yi maka ƙaiƙayi a kunne. In ka yi magana ya miƙo maka waya, wai ga shi ta ce daidai ne. Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Tambaya ɗaya aka yi mata ta amsa, alhali tambayoyin saiti suna da yawa, kuma mafi yawansu kunne ne kaɗai ke iya amsa su.

Abin da take aunawa shi ne sau nawa tsirkiya ke girgiza a sakan ɗaya, wato Hz, sai ta gwada da ma'aunin da aka zuba mata. Ma'aunin nan shi ne sautin da makaɗa ke kira A a kan 440 Hz, kuma yarjejeniya ce ta mutane. A 1859 gwamnatin Faransa ta tsayar da 435. A 1939 aka yi taro a Landan aka amince da 440, daga baya hukumar ma'aunai ta duniya, ISO, ta karɓe shi. Har gobe manyan ƙungiyoyin kiɗa da dama a Turai suna saita nasu a 442 ko 443, masu kiɗan tsohon zamanin Turai kuma da yawansu a 415 suke. Duk cikinsu babu wanda ya kauce, muddin duk wanda ke kan dandamali ya bi lamba ɗaya. Masu yaɗa cewa 432 na warkar da cuta ko yana da wani sirri, ku yi haƙuri, babu hujja. Sassauta tsirkiya ne kaɗan, ƙasa da sulusin tazarar da ke tsakanin maɓallan piyano biyu maƙwabta. Illarsa a aikace ita ce in ɗaya ya saita a 432 ɗaya a 440, kiɗan ya lalace tun kafin a fara. Don haka abu na farko, a duba lambar da ke fuskar na'ura. Sau da yawa yatsa ne ke taɓa maɓalli ta koma 441 ko 445 ba wanda ya lura.

Yanzu aikin kunne. In sauti biyu sun kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, za ka ji wata rawa a tsakaninsu, kamar wau-wau-wau. Yawan rawar a sakan shi ne bambancin da ke tsakaninsu: 440 da 442 suna ba da rawa biyu a sakan, 440 da 445 suna ba da biyar. Kana murɗawa kana saurare, in rawar tana ƙara sauri ka san nisa kake yi, in tana lafawa ka kusa, in ta tsaya cik sautin ya zama ɗaya. Wanda ya koyi jin wannan rawar ya samu ma'auni mai kaifi sosai, don kuwa ko rawa ɗaya a cikin sakan uku kunne na kamawa.

Inda maganar ta yi zurfi shi ne, babu yadda za a yi a saita kayan kiɗa mai tsayayyun sautuka ya zama tsaf ta kowace fuska. Lissafi ne ya hana. In ka danne tsirkiya a tsakiyarta, girgizar ta ninka biyu, ka samu sauti ɗaya amma a sama, shi ne oktaf, 2 bisa 1. In ka bar kashi biyu cikin uku na tsawonta, ka samu tazarar biyar, 3 bisa 2, wadda kunne ke jin daɗinta ƙwarai. To ka hau tazarar biyar sau 12 a jere, ya kamata ka sauka daidai inda oktaf 7 suka kai ka. Ba ka sauka. Na farko yana ba da kusan 129.7, na biyu 128. Wannan ɗan rarar, kusan rubu'in tazarar maɓalli ɗaya, dole a ɓoye shi a wani wuri. Hanyar da ta yi rinjaye a duniya ita ce a raba shi daidai a kan sautuka 12, kowane mataki ya ninka na ƙasansa da kusan 1.0595. Zhu Zaiyu na ƙasar Sin ya fitar da wannan lissafi a 1584. Shi ne ke cikin piyano, cikin ƙarafunan wuyan jita, da cikin na'urar da ke hannunka.

Ga abin da rabon ya jawo. Ana kasa oktaf kashi 1200, kowane kashi sunansa sent, tsakanin maɓalli da maɓalli sent 100. Tazarar biyar ta asali sent 702 ce, ta piyano 700, bambancin bai taka kara ya karya ba. Amma tazarar uku babba ta asali 386 ce, ta piyano 400. Sent 14 ba wasa ba ne. In A tana 440, abokiyar tafiyarta a tazarar uku ta asali tana 550, piyano kuwa yana ba ka 554 da ɗoriya. Mun saba da shi ne kawai har muka daina ji. Shi ya sa mawaƙan da ke haɗa murya ba tare da kayan kiɗa ba, in sun ƙware, sukan sauke wannan sautin kaɗan, sai ka ji haɗin ya kwanta lumui. Ka ɗora musu na'ura za ta ce sun yi ƙasa. Su ne a kan daidai, ita ce ba ta san abin da suke yi ba.

Mu dawo kan jita, tunda ita ce aka fi cutarwa. Tsirkiyoyinta daga mai kauri zuwa siririya E, A, D, G, B, E ne, wato kusan 82, 110, 147, 196, 247 da 330 Hz. Kullum a hau zuwa sauti daga ƙasa. In ka wuce, sassauta ka koma ƙasa sosai sannan ka sake hawa, domin in ka tsaya a kan sassautawa, akwai sako-sako da ke maƙale a wurin murɗi, yana saki da zarar ka fara kaɗawa. A zagaya sau biyu aƙalla: tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai wajen kilo 70, ɗaure ɗaya yana ɗan sassauta sauran. A saita jitar tana riƙe yadda za a kaɗa ta, kada a kwantar da ita a cinya ko tebur. A kaɗa da ƙarfin da za a yi kiɗan da shi, saboda tsirkiya tana ɗan haurawa a farkon bugu sannan ta sauko. Sabuwar tsirkiya sai an ja ta a hankali da yatsa, a sake saiti, a maimaita har ta daina sauka. Naɗi biyu zuwa uku a kan sandar murɗi ya isa, tulin naɗi zamewa yake yi. In kana murɗawa ka ji ƙas, sauti ya yi tsalle, tsirkiyar tana maƙalewa ne a tsagin da ke saman wuya, a goga bakin fensir a cikin tsagin.

Duk wannan tsirkiya ce a sake. Kiɗa kuwa da dannawa ake yi. Ka danna a ƙarfe na 12 na wuyan jita ka gwada da sautin da ke fita in ka ɗora yatsa a hankali a daidai wurin ba tare da dannawa ba. Ya kamata su zo ɗaya. In na dannawa ya fi sama, tsirkiyar ta yi gajarta, a matsar da mazauninta a kan jaki, wato abin da ke ɗauke da tsirkiya a cikin jita, baya. In ya yi ƙasa, a matso da shi gaba. Jitar lantarki tana da sukurori na wannan aikin, ta katako sai mai gyara ya fere. In tsirkiyoyi sun yi nisa da wuya, kowace dannawa tana ƙara ja, sauti ya hau. Haka mai matse yatsu da ƙarfin tsiya. Tsohuwar tsirkiya da ta sha gumi da tsatsa kuwa, kada ka wahalar da kanka, ba za ta taɓa zama daidai a duk tsawon wuya ba, a canza ta.

Wani abin da ƙwararru ma ke faɗawa ciki shi ne saiti da sautin ɗora yatsa a ƙarfe na 5 da na 7. Yana da daɗin ji, rawar tana tsayawa cik, amma tazarar asali yake bayarwa, ita kuwa jita a kan rabon 12 aka ƙera ta. Kowace tsirkiya tana sauka da sent 2, in ka fara daga mai kauri, kafin ka kai G ka tara 6. Gara ka ɗauki sauti ɗaya, misali A, ka nemo shi a kan kowace tsirkiya ka gwada da shi.

Yanayi ma yana da hannu, kuma ba gefe ɗaya yake ja ba. Zafi yana sa tsirkiyar ƙarfe ta miƙe, sauti ya sauka. Kayan busa kuma hawa suke yi, saboda sauti ya fi gudu a iska mai ɗumi, wajen sent 3 a kowane digiri ɗaya. Wato in fitilun dandamali suka ɗumama wuri, mai sarewa yana hawa mai jita yana sauka, ga shi dukansu sun ga kore minti ashirin da suka wuce. Mai busa ya ɗumama kayansa da numfashi kafin saiti, in ya hau ya ɗan zaro gaɓar kai don ƙara tsawo. Fatar ganga tana saki da laima, tana ɗaurewa da bushewa. Mai sukurori a ɗaure ta rubu'in juyi rubu'in juyi, ana tsallakawa daga sukuru zuwa na gabansa ta ɗaya gefen, ana ƙwanƙwasa kusa da kowanne har sautin ya zo ɗaya. Piyano na katako ba aikin manhajar kyauta ba ne. Tsirkiya sama da 200 ne a ciki, kuma taurinsu yana sa dole a ɗan buɗa oktaf, na sama su haura na ƙasa su sauka, in ba haka ba ya yi lami.

Sai karin waƙa, inda na fi jin haushin abin da ake yi. Tun da Auto-Tune, manhajar gyara sautin murya, ya fito a 1997, an samu masu haɗa sauti da ke ganin duk sautin da bai zauna a kan layin maɓalli ba kuskure ne. Alhali daɗin kari yana cikin yadda murya ke shiga sauti da yadda take barinsa: zamewa daga ƙasa, ɗan karkarwa a ƙarshe, jinkiri kafin sauka. Ka sa saurin gyara a sifili, ka aske duk wannan. In salon ake so da gangan, babu laifi, zaɓi ne. Amma a sa wa manhajar sikelin da waƙar take kai, kuma a tabbatar kiɗan da ke ƙasa a 440 yake. In an ɗauko wani yanki an ƙara masa sauri ko an rage, ya tashi daga layin, sai manhaja ta ja murya zuwa inda kiɗan ba ya nan. Mawaƙin da ke kaucewa a ɗakin ɗauka kuma, kafin a ce ba shi da kunne, a rage ƙarar abin sauraro ko ya zare gefe ɗaya ya ji muryarsa a iska. Sau da yawa nan matsalar take, ko a ƙarancin numfashi a ƙarshen layi.

Kada kuma a manta maɓallai 12 ba su ne iyakar sautukan duniya ba. Maƙamai, wato tsare-tsaren sautuka na kiɗan Larabawa da Turkawa, suna da sautuka a tsakanin maɓallan piyano. A tsibirin Bali na Indonesiya ana saita kayan ƙarfe bibbiyu da ɗan bambanci da gangan, don a samu rawar nan da mai jita ke gudu. Mai goge ba shi da ƙarafuna a wuya, yatsa da kunne ne ke yanke hukunci, kuma yana iya ɗaga sauti kaɗan in kari yana hawa, ya sauke shi in yana raka murya. A harsuna masu karin sauti, irin namu, akwai ƙarin sharaɗi: in kari ya hau inda kalma ke sauka, kowane sauti zai iya zama daidai a na'ura amma baitin ya fito a karkace, mai sauraro ya ji kamar baƙo ne ke rerawa.

Ga tsarin da nake ba da shawara in za a yi kiɗa tare. A fara da abin da ba ya saituwa nan take, piyano ko kibod ko kayan ƙarfe, shi zai ba da A, kowa ya ɗauka daga gare shi. Kowa ya yi amfani da na'urarsa ya kai kusa, sannan a kashe ta. A kaɗa haɗin sautuka biyu ko uku da waƙar ta fi zama a kansu, a riƙe su da tsawo, a saurari rawa. In haɗi ɗaya ya yi tsami a jita, yawanci G ko B ce, a taɓa ta da sent biyu ko uku, a sake gwada sauran haɗin don kada gyaran ɗaya ya ɓata ɗaya. Bayan waƙa biyu, lokacin da ɗaki da hannuwa da kayan busa suka ɗumama, a sake yin duka daga farko.