Ko sallama ba mu yi da lilonmu ba

Wata biyu ke nan abin yana cina a rai, yau dai na ce bari in amayar da shi ko na samu barci.

A hutun makaranta na ɗauki yarana biyu daga Preston, inda muke zaune a Ingila, muka hau jirgin ƙasa zuwa Blackpool. Gari ne a bakin teku, tafiyar ba ta fi ta rabin awa da 'yan mintuna ba. Tekun nasu launin toka ne, ga wata iska mai ratsa ƙashi ko a watan Agusta da suke kira bazara. Tsuntsayen teku, manya kamar agwagi, suna shawagi a kan mutane, yaro na riƙe da soyayyen dankali sai ka ga an fizge daga hannunsa. Tarago mai amfani da lantarki yana kai da kawowa a titin bakin ruwa, ga wata doguwar hasumiyar ƙarfe da aka buɗe tun 1894, tsofaffi kuma sun jeru a kan benci da barguna a cinya suna kallon ruwa. A can ƙarshen titin ne filin wasan da ake kira Pleasure Beach yake, wanda ya fara aiki a 1896.

Yara sun shiga layi, ni kuma na nemi benci. Wani dattijo ne a gefena, zai haura saba'in, da hula da sanda. Na lura ido ya ƙura wa wani wuri da ni ban ga komai a cikinsa ba. Da muka gaisa sai ya nuna da sandarsa, ya ce a nan Wild Mouse yake. Wani jirgin lilo ne na katako da aka kafa a 1958, ƙananan motoci masu siffar ɓera suna gudu a kan siririyar hanya can sama, su sha kwana a guje har ka ji kamar za a watso ka ƙasa. Ya ce ubansa ne ya fara ɗora shi a kai, shi ma ya ɗora ɗansa. Jikansa kuwa duk shekara sai ya auna shi a jikin allon tsawo, yana jiran ya kai. A ƙarshen 2017 aka kwance abin, sai a Janairun 2018 jama'a suka ji sanarwa. Yaron bai taɓa hawa ba.

Ya zaro walat ya nuna mini hotuna uku, ɗaya baƙi da fari, gefensa duk ya cinye. Muryarsa tana rawa. Sannan ya juyo ya tambaye ni, da zuciya ɗaya, ko a ƙasarmu muna da irin waɗannan wuraren. Na ce ƙwarai kuwa, a garinmu Kaduna na hau lilo tun ban iya ɗaure tazuge ba. Ya ce in nuna masa. Na buɗe waya na yi ta ja, hotuna sun fi dubu, na biki, na suna, na filin jirgi. Babu ko ɗaya na lilonmu. Ya ce ba komai, ya mayar da hotunansa. Ni kuwa wannan "ba komai" ɗin har yau yana suka ta.

Ɗan Kaduna da ya tashi a shekarun 1980 da 1990 ba sai na faɗa masa yadda yawon Sallah yake ba. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Shekarar da aljihu ya yi nauyi sai ya kai mu Ƙofar Gamji, mu ga kogi, mu hau gadar nan ta ƙarfe. Sauran shekaru akwai wani ɗan ƙaramin wurin wasa da ba shi da nisa da unguwarmu, ba zan kama suna ba, can muke ƙarar da goron Sallarmu. Dawakan ƙarfe takwas ne a kan faifai mai juyawa. Ɗaya kore ne, kunnensa na hagu ya karye an yi masa walda a karkace, shi nake rububi. In aka ɗauke wuta, wani bawan Allah mai tabo a goshi sai ya naɗe hannun riga ya tura faifan da ƙarfinsa, yana gudu yana haki, mu kuma muna ihu a ƙara. Har yanzu in na ji warin giris sai in tuna tafin hannuna bayan na saki wuyan dokin nan.

A daren da muka dawo na kira ƙanena. Na ce, "Don Allah gobe ka bi ta wurin wasan nan ka ɗauko mini hoton dawakan." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Yaya, waɗanne dawaki? Ai an daɗe da kwashe su. Shaguna ne a wurin yanzu." Na ce yaushe? Bai sani ba. Na ce ina aka kai su? Ya ce shi dai ya ji an ce 'yan gwangwan ne suka zo da gas suka yayyanka, aka ɗora a sikeli. Ya tambayi Hajiyarmu, ita ma ta ce rabon da ta bi ta hanyar har ta manta. Gida guda, mutum huɗu da suka hau dokin nan, babu wanda zai iya faɗin ko shekarar da aka cire shi.

To ku ji yadda suke yi a nan. A 2017 hukuma ta sa wasu tsofaffin lilon filin nan na Blackpool cikin jerin kayan tarihin da doka ta kare, ciki har da Big Dipper na 1923 da Grand National na 1935, dukansu na katako. Wato ko mai wurin ba shi da ikon ya wayi gari ya rushe su sai da izini. A wani filin wasan, Alton Towers, da za su yi ritayar wani jirgi mai suna Corkscrew a 2008 bayan ya yi aiki tun 1980, sai da aka sanar, mutane suka zo hawan ban kwana, sannan aka yanko murɗaɗɗen ɓangarensa aka kafa a ƙofar shiga don duk mai wucewa ya gani.

Akwai wanda ya fi tsaya mini a wuya. A tsakiyar filin Blackpool akwai wani lilo mai majaujawa, jirage rataye da igiyoyin ƙarfe, yana juyawa suna buɗewa sama. Tun 1904 yake aiki, kuma 'yata ta hau shi ranar. Sunan wanda ya ƙera shi na jiki: Hiram Maxim. Shi ne dai mai bindigar nan mai ruwan harsashi da sojojin Lugga suka shigo da ita Kano da Sakkwato a 1903, irin wadda aka fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru da ita a Burmi. Na tsaya ina kallon 'yata tana ɗaga mini hannu daga cikin ƙirar mutumin nan, na rasa me zan ji. Abin wasan da ya yi wa 'ya'yansu sun riƙe shi shekara ɗari da ashirin suna shafa masa mai. Mu ma akwai abin 1904 a Kaduna, gadar Lugga, wadda aka kafa a Zungeru aka dawo da ita Gamji a 1954, aka kuma ayyana ta kayan tarihi a 1956. Na yi murna da tana nan. Amma gadar Bature ce aka ga ta cancanci a adana. Abin da ɗan masaƙa ya hau da kuɗin goron Sallarsa kuwa, kilo nawa ne?

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Za a ce mutumin da ke lissafin mudun masara, wanda in zai bi hanyar Birnin Gwari sai ya bar wasiyya, ina ya ga ta dokin ƙarfe. Za a ce tsohon lilo da tsatsa ta ci yana iya kashe yaro, gara a cire. Na yarda, ban ce a bar yara su hau ruɓaɓɓen ƙarfe ba. Za a kuma ce su Turawan ai kuɗi ne ke juya su, tunda ga shi an cire wa dattijon nan nasa ba tare da an ce masa ci kanka ba. Haka ne. Kada ma wani ya ɗauka sun fi mu zuciya. Ni a gidan kula da tsofaffi nake aiki, na san tsohuwar da ta shekara ba wanda ya leƙo ta, alhali ɗanta yana gari ɗaya da ita. Wannan a Tudun Wada abin kunya ne da zai bi zuri'a.

Amma duk wannan bai wanke mu ba. Da aka cire wa dattijon nan lilonsa, mutane sun yi ca, jaridu sun ɗauka, har yau akwai hotuna da bidiyon abin a intanet, jikansa zai iya gani. Mu shiru muka yi, don ba mu ma lura ba. Talauci ba ya hana ɗaukar hoto. Bai hana a ware doki ɗaya cikin takwas a kafa a bakin shagunan ba, kuɗin ƙarfensa bai kai na ankon biki ɗaya ba. Muna da gidan tarihi a kan titin Ali Akilu, muna da Gidan Arewa mai adana takardun magabata. Wa ya taɓa tunanin abin da yaran talakawa suka yi wasa da shi ma tarihi ne? Masaƙar da aka buɗe a Kakuri a 1957, wadda ta ciyar da dubban gidaje irin namu, haka muka zuba ido ciyawa ta rufe ta. In injin da ya ba mu tuwo bai samu mai yi masa kuka ba, ina ga na wasa.

Tun da na fara rubutun nan nake kewaye wani abu. A kan dokin da ke kusa da koren nan nawa, kusan kullum yaro ɗaya ne ke zama, ɗan maƙwabcinmu. Iyayensa 'yan kudancin Kaduna ne, masu zuwa coci, ubansa da namu sashe ɗaya suke a masaƙa. Da Sallah ya bi mu, da Kirsimeti mu bi shi, uwarsa ta zuba mana shinkafa a faranti ɗaya. Shi ne ya koya mini in saki hannu ɗaya in faifan ya ɗauki gudu. A Fabrairun 2000 da gari ya kama da wuta, a ɗakin mahaifiyarmu suka kwana biyu, rana ta uku aka raka su suka haye gada. Ba su dawo ba. Bayan rikicin 2002 kuwa kowa ya san yadda kogi ya zama iyaka, waɗannan a nan, waɗancan a can. Ƙanena ya ce tun daga lokacin wurin wasan ya fara mutuwa, don rabin yaran da ke cika shi sun koma ƙetare, sauran kuma iyaye sun daina barin su nisa da gida. Ashe kafin 'yan gwangwan su zo da gas ɗinsu, dawakan sun yi shekaru a tsaye babu mahayi.

Yarana a nan aka haife su. In na ce musu Kaduna gari ne da kowa na kowa ne, sai su dube ni, don abin da suke ji a waya daban ne, ni kuma ba ni da shaidar da zan ajiye a gabansu. Akwai mai hoto da ke tsayawa a ƙofar wurin da Sallah, da kyamara a wuya, yana ɗauka a biya shi a dawo karɓa bayan kwana uku. Lallai wani gida a Kaduna akwai irin hoton a ƙasan akwati. Duk wanda ya duba ya ga koren doki mai karkataccen kunne, don Allah ya ɗauka da waya ya turo mini. Ya duba dokin da ke gefensa ma, ko akwai wani siririn yaro mai wushirya da ya ɗaga hannu ɗaya sama. An ce mini danginsa suna wajen Sabon Tasha, kuma shekara ashirin da biyar ke nan ban ji muryarsa ba.