Ba Duk Alƙalan Amurka Shugaban Ƙasa Ke Naɗawa Ba

Kullum aka taso da maganar shari'a a Amurka, sai ka ji an ce shugaban ƙasa ne ke naɗa alƙalan kotun ƙoli, kuma ba sa sauka sai mutuwa. Maganar ta ishe ni, ko da yake tana da tushe: haka abin yake ga alƙalai 9 na kotun ƙoli ta tarayya a Washington, bayan majalisar dattawa ta amince, sai in mutum ya ajiye aiki da kansa ko majalisa ta tsige shi.

Amma kowace jiha tana da tsarin mulkinta da kotun ƙolinta, shugaban ƙasa ba shi da ta cewa a can. A wasu jihohin gwamna ne ke naɗawa, a wasu kuwa talakawa ne ke kaɗa ƙuri'a. Mississippi ta fara zaɓen alƙalanta tun 1832, don kada kujerar ta zama kyautar 'yan siyasa.

A Wisconsin, Janet Protasiewicz ta yi lauyar gwamnati, ta yi alƙali a Milwaukee, sannan a 2023 ta yi kamfe, har da tallace-tallace a talabijin, ta kayar da Daniel Kelly a zaɓen kujerar kotun ƙolin jihar. Wa'adinta shekara 10 ne. In tana son ci gaba, dole ta sake neman ƙuri'a.